Yadda ake zaɓar matoshin kunne da kare ɗaki daga ƙara, ga mai neman barci a Yamai

Shekara tara na yi ina aikin dare a gidan burodi. In shiga bayan isha, in fito bayan masu kai burodi shaguna sun gama lodi, wato daidai lokacin da gari ke farkawa ni kuma nake neman makwanci. Ɗakina a Bukoki yake, cikin gidan haya irin na jere, katanga ɗaya tsakanina da injin niƙa. Ga turmin maƙwabciyata, ga masu walda a bakin layi, ga ƴan kabu-kabu da suke jin daɗin salansa ta fashe. A can na koyi abin da zan faɗa maka. Yanzu na bar aikin dare, amma matoshin kunne bai bar gefen gadona ba, don ko ba komai in aka ɗauke kuran a watan Afrilu kowa ya san waƙar da gurup-gurup, wato injinan wuta, na unguwa ke rerawa har asuba.

Ka sani tun yanzu: matoshi ba ya kawo shiru irin na maƙabarta. Rage ƙara yake yi. Ko ka toshe kunnuwa da siminti, wani ɓangare na sauti yana bi ta ƙashin kai ya isa cikin kunne. Abin nema shi ne a sauko da ƙarar zuwa inda ba ta fizgo ka daga barci. Kuma kar ka haɗa matoshi da matashi, ko da yake za ka ga akwai inda suke faɗa da juna.

Kayan da za ka tanada

Matoshin soso, aƙalla nau'i biyu, babba da ƙarami. Kwali ɗaya na matoshin kaki ko na silikon mai laushi. Ƙaramin gwangwani ko kwalba mai murfi na ajiya. Sabulu da tsumma mai tsabta. Fanka, in so samu ne mai caji. Wayarka, don auna ƙara da kuma tashi. Ga gyaran ɗaki kuma: tsohon bargo mai nauyi, tsohuwar robar tiyub ta moto, ƙananan ƙusoshi, guduma, almakashi da tocila.

A farmasi ka ce "bouchons d'oreilles", ko ka ce "boules Quies", da wannan sunan masu sayar da magani suka fi saninsa. Na soso kuma sau da yawa an fi samunsa wurin masu sayar da kayan kariya na ma'aikata, masu hular kwano da safar hannu da tabarau na walda, irin shagunan kayan gini na wajen Katako. Ka sayi wanda ke cikin ledarsa a rufe. Wanda aka zube a faranti ƙura na hawansa, bar musu kayansu.

1. Fara da gane irin ƙarar da ke hana ka barci

Mutane da yawa a nan suke tsallakewa, su sayi abu ya ƙi aiki su ce jabu ne. Ka ba kanka dare biyu ko uku kana saurare. Ƙara iri biyu ce a wannan sha'ani. Akwai siririya mai tsini: hirar ƴan fada, kukan yaro, carar zakara, haushin kare, hon na moto, ƙarar injin yankan ƙarfe. Wannan matoshi yana cin ta sosai. Akwai kuma mai kauri, wadda ƙirji ke ji kafin kunne: gurnanin gurup, kamiyo a kan gudron, bugun sono na gidan biki, jirgi in kana wajen Talaje kusa da filin jirgin Diori Hamani, da lugudan taɓarya. Wannan tana ratsa bango, tana bin ƙasa ta hau ƙafar gado, matoshi kaɗai ba ya gama da ita.

Gwaji mai sauƙi: ka danna ɗan tsokar nan da ke bakin kunne da yatsa har ramin ya rufe. Duk abin da ya kusa ɓacewa, matoshi zai iya da shi. Abin da ka ci gaba da ji kamar daga cikinka yake fitowa, wannan sai an haɗa da matakai na 8 da na 9.

In kana son lissafi, sauke manhajar auna ƙara a waya. Ba ta kai na'urar gaske daidaito ba, amma ta isa ta nuna maka inda kake. Da desibel ake aunawa, dB a taƙaice. Raɗa tana wajen 30, hira ta yau da kullum wajen 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar da ke ci gaba ba yankewa a ɗakin kwana kada ta wuce 30, wadda ke zuwa ta wuce lokaci guda kuma kada ta wuce 45. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne duk ragin 10 kunne yana jin sa kamar an raba ƙarar biyu. Saboda haka in ka sauko daga 60 zuwa 40, ba ɗan abu ka yi ba.

2. Duba kunnenka kafin ka sa masa komai

In kunne yana ciwo, ko yana ruwa ko mugunya, ko yana ƙaiƙayi mai tsanani, ko an taɓa ce maka dodon kunnenka ya huje, ko an taɓa yi maka aiki a ciki, to tsaya nan. Je ka ga likitan kunne tukuna, sashen da ake kira ORL, akwai shi a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Haka ma in kana jin kunnen a cike kamar ruwa ya shiga, wataƙila dauɗa ce ta taru, matoshi kuma zai ƙara tura ta ciki. A bari ma'aikacin lafiya ya wanke. Tsinken ashana da gashin kaza da murfin biro duk tura ta suke yi.

Ƙananan yara ba a sa musu, kuma a ɓoye daga hannunsu, don na kaki da na soso masu launi kamar alawa suke a idon yaro.

3. Zaɓi nau'in da ya dace da kunnenka da kwanciyarka

Na soso shi ya fi kowanne rage ƙara, shi ya fi araha, shi kuma aka fi sawa ba daidai ba. Wani Ba'amurke mai suna Ross Gardner ne ya ƙirƙiro shi a 1972. Za ka ga mai launin rawaya kamar guntun alli, gefe da gefe ɗaya, irin E-A-R Classic na kamfanin 3M, za ka ga kuma mai kan harsashi, ruwan lemo ko kore, mai santsi da laushi. Mai rawayan ya ɗan fi tauri amma bai cika damuwa da gumi ba. Mai santsin ya fi daɗi a kunne, sai dai in hannunka na da danshi yakan kumbura tun kafin ka kai shi. Aibin soso shi ne yana turo bangon kunne daga ciki dare guda. In ramin kunnenka ƙarami ne, kamar yadda yake ga mata da yawa da wasu mazan, babban soso zai tashe ka da ciwo ƙarfe uku na dare. Ka nemi ƙarami. Kunnuwanka biyu ma ba lalle girmansu ya zo ɗaya ba. Ni na dama ƙarami yake ɗauka, na hagu babba, sai da na shekara ina zargin kamfani kafin na gane.

Na kaki shi ne boules Quies, ƴan dunƙule naɗe da auduga ruwan hoda, wani mai haɗa magani a Faris ya fara yin su a 1918. Jamusawa suna da irinsa, Ohropax, tun 1907. Ba ya shiga can ciki, bakin ramin yake liƙewa, don haka ga mai kwanciya a gefe ya fi soso daɗi nesa ba kusa ba, matashin kai ba ya tura shi. Matsalarsa a garin nan zafi ne. A Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, yakan yi laushi fiye da kima, ya yi maiƙo, ya manne a gashi, wani lokacin ka tashi ka same shi a kan zanin gado. Ni da hunturu nake amfani da shi.

Na silikon mai laushi kamar ƙullun fulawa yake, aikinsa irin na kakin ne amma zafi bai cika narkar da shi ba. Ragin ƙararsa bai kai na soso ba. Ga minsharin da bai yi tsanani ba da hirar tsakar gida ya wadatar.

Na roba mai hawa-hawa kamar ƙaramar bishiya, mai ɗan kara a baya, na masu aikin inji ne. Ana wanke shi a sake sawa, wannan ne amfaninsa. Amma karan nan in ka kwanta a kansa sai ya soke ka. In a rigingine kake kwana, to babu laifi. Akwai kuma wanda ake zuba wa mutum daidai kunnensa a wurin masu na'urar ji, ya fi duka daɗi da daɗewa, ya fi duka tsada. Kar ka fara da shi.

Sai lambar da ke jikin kwali, wadda ke nuna yawan desibel ɗin da matoshin zai iya ragewa. Kayan Turai SNR ake rubutawa, na Amurka NRR, kuma mafi girman NRR da za ka gani 33 ne. SNR na abu guda yakan ɗan fi NRR ɗinsa, saboda haka kar ka gwada lambar wannan da ta wancan. Lambobin nan a ɗakin gwaji aka samo su, inda aka sa matoshin yadda ya kamata. Masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka in za su ƙiyasta abin da ake samu a zahiri sukan cire 7 daga NRR su raba saura biyu, sai 33 ta koma 13. Ka ga ke nan hannun mai sawa ya fi lambar kwali tasiri. Matoshi mai 28 da ya zauna daram ya fi mai 35 da ke leƙe a bakin kunne.

4. Sa shi yadda ake sawa

Wanke hannu ka shanya shi sarai. Kunnen ma ya bushe. In ka yi wanka ko alwala, ka ba shi ɗan lokaci, don rufe danshi a cikin rami mai ɗumi har safe shi ke kawo ƙaiƙayi da ciwon kunne.

Ga na soso. Riƙe shi tsakanin babban yatsa da manuni ka fara murzawa a hankali, kana ƙara matsawa kaɗan-kaɗan, har ya zama siriri sumul kamar tsinken tsire mai ɗan kauri. Kar ka naɗe shi ko ka lanƙwasa, kar kuma ka matse shi lokaci guda ya yi tsaga a jiki, don ta wannan tsagar ƙara za ta bi. In kunnen dama za ka sa, ɗaga hannun hagu ta bayan kai ka kama saman kunnen ka ja shi sama da baya. Dalili kuwa ramin kunne ba miƙaƙƙe ba ne, tsawonsa wajen santimita 2.5 ne kuma yana da lanƙwasa, jan nan ne ke miƙar da shi. Yanzu zura soson da sauri kafin ya kumbura, har sai ya kusa shigewa duka, ya rage ɗan abin da yatsa biyu za su kama. Saki kunnen, ka ɗora yatsa a bayan soson ka riƙe, ka ƙirga talatin a hankali. Za ka ji yana motsi yana cika ramin, ƙarar fanka tana ja baya kamar wanda ake rufe wa ƙofa sannu-sannu. Wannan jin shi ne alamar ya kama.

In ka makara ya kumbura a hanya, kar ka cusa da ƙarfi. Fitar ka sake murzawa. Sabon shiga yakan yi sau uku ko huɗu kafin ya dace, ba abin kunya ba ne. In kuma ka ji zafi mai tsini ko tari ya taso maka, ya yi zurfi, ja shi baya kaɗan.

Na kaki kuwa, cire audugar da ke jikinsa duka, ka murza shi a tafin hannu har ya yi laushi ya zama dunƙule. Ɗora shi a bakin ramin ka danna da babban yatsa ya baje ya rufe ko'ina. Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko a murza shi ya yi tsini a tura ciki kamar soso. Na biyu a raba dunƙule ɗaya gida biyu don tattali. Duka biyun kan sa guntu ya maƙale a ciki, sai an je asibiti. Haka dokar take ga na silikon. Mai gashi ko kitso ta kawar da shi daga bakin kunne tukuna, ta ɗaura ɗankwali a kai, yana taimakawa wajen riƙe shi.

5. Gwada kafin ka kwanta

Tsaya gaban madubi ka kalli fuskarka kai tsaye. In kana hango soson ya fito daga gefe, bai shiga ba. Sannan ka rufe kunnuwan da tafin hannu sosai ka buɗe, ka sake rufewa ka buɗe. In ƙarar ɗakin tana canzawa sosai tsakanin rufewa da buɗewa, akwai kafa. In kusan ɗaya take, ya zauna. Muryarka za ka ji ta yi kauri kamar kana magana cikin randa, za ka ji numfashinka, wataƙila har bugun zuciya. Haka abin yake. Mai ƙugin kunne kuma zai ji ƙugin ya ƙaru don an kawar da abin da ke rufe shi, irin wannan mutum ƙarar fanka ta fi masa matoshi amfani.

6. Dare na farko, da maganar tashi

Kar ka fara da daren da kake da tafiya da asuba. Fara da barcin rana ko daren hutu. Kwana uku zuwa mako guda kunne ke ɗauka kafin ya saba. In ya wuce haka yana ciwo, canza girma ko nau'i.

Tambayar da kowa ke yi mini ita ce ta sallar asuba. In masallaci na kusa da lasifika, yawanci za ka ji kiran, a tausashe dai. Amma kar ka dogara da haka. Ƙararrawar waya siririya ce, irin wadda matoshi ya fi ci. Ka zaɓi sauti mai kauri, ka ƙure shi, ka haɗa da girgiza, ka ɗora wayar a kan katakon gado ko cikin farantin silba kusa da kai, za ka sha mamakin irin hayaniyar da take yi a ciki. Ƙarƙashin matashi ma yana yi, amma ba tana caji ba, don tana ɗaukar zafi. Ka gwada da rana ka tabbatar. Da azumi kuwa, ka sa wani a gida ya ƙwanƙwasa maka don sahur. Na taɓa yin ɗore sau ɗaya saboda soso, bai kuma faruwa ba.

Mai jego, da mai jinyar tsoho ko marar lafiya, da wanda shi kaɗai ne babba a gida, kada su toshe kunnuwa biyu. Dabarar ita ce ka kwanta a gefe, kunnen ƙasa matashi ya rufe shi, na sama ka sa masa na kaki ko na silikon mai ragi kaɗan. Ko miji da mata su yi karɓa-karɓa, yau wannan ya toshe gobe wancan. Haka in kuna kwana a tsakar gida lokacin zafi, ƙofar gida da moto suna waje, a bar mutum ɗaya da kunne a buɗe.

7. Cirewa da tsabta

A hankali ake cirewa, kana ɗan murɗa shi don iska ta shiga. Fizgewa lokaci guda yana jan dodon kunne, kuma da zafi. Na kaki ka ɗaga gefe ɗaya tukuna.

Na soso an yi shi ne a sa a yar. Gaskiya yawancinmu mukan maimaita shi kwana biyu ko uku, amma da zarar ya yi datti, ko ya taurare, ko ka murza ya ƙi komawa girmansa, ya gama aiki. Irin mai santsin nan wanki yana ɓata shi. Na kaki da na silikon in sun daina mannewa ko sun canza launi a zubar. Na roba a wanke da sabulu da ruwan ɗumi a shanya. Ajiya cikin gwangwani mai murfi, a inuwa, ba a aljihu tare da goro da canji ba, ba kuma cikin akwatin moto da ke yini a rana ba. Ba a aron matoshi ko tsakanin miji da mata. Daren da gari ya yi shiru ka bar kunnen ya sha iska. In ka fara jin ji ya ragu, ko ƙaiƙayi, ko wari, dakata ka je a duba.

8. Rufe ƙara da wata ƙarar

Abin da ke tada mai barci galibi canji ne, shiru sannan kwatsam ƙara. Shi ya sa mutum ke barci cikin motar Tawa tana gudu amma ya farka in ta tsaya. Ƙara mai ɗorewa iri ɗaya tana cike wannan gibin, haushin kare ya zo ya nutse a cikinta. Fanka ita ce mafi sauƙi, ga iska ga sauti. Ka ajiye ta tsakaninka da inda ƙarar ke shigowa. In tana ƙas-ƙas ko tana kaɗa kai tana ƙara, ɗaure ta ko ka tsayar da juyawar, don sautin da ke hawa yana sauka shi ma tada mutum yake. Mai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya riga ya samu.

Matsalar ita ce lokacin da ka fi bukatar fanka, wato an ɗauke kuran gurup sun tashi, lokacin ne ta mutu. Nan mai caji ke da rana. In babu, ƙaramin rediyo mai batir ka murɗa shi tsakanin tasha da tasha ya riƙa shuuu. Ko ka sauke sautin ruwan sama ko na iska a waya tun da rana, ka sa ya riƙa maimaituwa. Ga gurnanin gurup ka zaɓi sauti mai kauri kamar na ruwa mai ƙarfi, ya fi siririn rufe shi. Ka ɗaga shi daidai inda ƙarar waje ta dushe, kar ka wuce nan. In da jariri a ɗakin, a nisanta abin da shi kamar mita biyu, a kuma rage sosai.

Ni abin da ya fi yi mini aiki a shekarun nan shi ne haɗa biyun, soso a kunne fanka a gefe. Soson ya cinye siririyar, fankar ta lulluɓe abin da ya rage.

Kwana da ekutar a kunne ana jin waƙa ko wa'azi ban ba da shawara ba. Yana danne kunne, kuma mutum yakan ƙure sauti don ya rinjayi na waje, a haka ji ke lalacewa a hankali. Akwai kask, irin wanda ake ɗorawa a kai ya rufe kunnuwa biyu, masu kashe ƙara da lantarki, suna da kyau ƙwarai ga gurnani mai ɗorewa irin na gurup da jirgi, ba su da ƙarfi sosai ga muryar mutane, kuma ba a kwanciya da su a gefe.

9. Gyara ɗakin

Sauti kamar ƙurar hunturu yake, duk inda iska ta bi zai bi. Da rana ka rufe ƙofa da taga ka kashe fitila, duk inda ka ga haske yana shigowa nan ne ƙofar ƙara. Da dare kuma wani ya haska tocila daga waje. Ƙofofin ƙarfe na gidajen hayarmu yawanci akwai tazarar yatsa biyu a ƙasansu. Yanka robar tiyub tsawon faɗin ƙofar ka kafa ta yadda za ta riƙa shafar ƙasa, ko ka naɗe tsohon bargo ka tura a wurin. Gefe-gefen kuma ka liƙa siririn soso ko robar. Taga mai fallaye irin ta ƙarfe ba ta tare komai. Rataya mata bargo mai nauyi ninki biyu, ya zarce ta ta kowane gefe, ya kwanta a jikin bango. Labule marar nauyi ado ne kawai.

Sai dai ga gaskiyar da ba a ƙetarewa: duk abin da ya tare ƙara ya tare iska. A watan Mayu ba wanda zai rufe ɗakin kwano ruf ya rayu. Saboda haka ka toshe gefen da ƙarar take, ka bar na tsakar gida a buɗe. Kuma ɗakin da aka toshe ba a kunna gawayi ko turaren wuta a kwana da shi a ciki.

Janye gadon daga bangon da kuke tarayya da maƙwabci ko na bakin titi, ko da taku ɗaya ne, ka mai da kan gadon ɗaya gefen. Kabad cike da tufafi ka jingina shi a wancan bangon, nauyi ne ke tare sauti. Don girgizar turmi da injin niƙa, yanka tsohuwar taya ko silifa mai kauri ka sa ƙarƙashin kowace ƙafar gado. Wannan ƙaramin abu shi ya raba ni da lugudan maƙwabciyata, da ina jin sa har cikin haƙora. Darduma a ƙasa tana rage amsa-kuwwar ɗakin siminti.

Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ɓata lokaci ne. Ba shi da nauyin tare komai, ga kyankyaso, ga haɗarin gobara. In kana neman ɗaki sabo, ka san cewa ginin laka mai kauri ya fi bulo mai rami shiru, ɗaki mai filafon ya fi kwano tsirara, musamman da damina, kuma ɗakin ƙurya ya fi na bakin zaure. Ka je ka ga gidan da dare kafin ka biya, ba da hantsi kaɗai ba.

10. Je wurin mai ƙarar

Wani lokacin sallama ɗaya ta fi kwali goma. Maƙwabcina mai gurup dattijo ne. Ban je masa da dare ina huci ba. Bayan la'asar na same shi a ƙofar gida, muka gaisa, na ce, "Baba Alhaji, wata alfarma na zo nema. Injin nan yana jikin bangon da nake kwana. In ba damuwa, in kawo taya in sa masa a ƙasa, mu ɗan matsar da shi wajen garejin." Ya ce, "Ashe yana damunka, ɗana? Ai da ka faɗa tuntuni." Ni na kawo tayar, ni na ƙaro wayar wuta. A fili, duk lokacin da ka ninka tazara tsakaninka da inji ƙarar tana sauka da wajen desibel 6, in kuma akwai katanga a tsakani ta fi haka. A juya bakin salansar ya kalli nesa da ɗakuna. Amma kada neman shiru ya sa a shigar da gurup cikin ɗaki, ko zaure, ko a rufe shi ruf da buhuna. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci.

Ƴan fada ma haka, ka sami babbansu gefe guda, ba a gaban yaransa ba. In abin ya gagara, akwai mai unguwa. Biki kuwa kwana biyu ne, ka sa soso ka yi haƙuri, watarana naka ne.

Ke kuma uwargida, in ƙarar a kan gadonki take, wato minshari, matoshi zai taimake ki, amma ki saurara dare ɗaya tukuna. In maigida yana minshari sai numfashin ya tsaya ɗif na ɗan lokaci, sannan ya fizgo shi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, kuma yana yini da gyangyaɗi, wannan ciwo ne da ke da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya, a kai shi asibiti. In minshari ne kawai, kwanciya a gefe tana rage shi. A ɗinka ɗan aljihu a bayan rigar barcinsa a sa ƙwallon goruba, duk juyin da zai yi rigingine sai ta mai da shi.

In babu matoshi a hannu

Dare ya yi, farmasi ta yi nisa, gidan biki sun ɗaura sono. Auduga busasshiya kusan ba ta rage komai, iska na ratsa ta. Ka ɗebi dunƙule babba, wanda ya fi ramin kunnen girma, ka shafe shi da basilin har ya jiƙe, ka liƙa a bakin kunne kamar na kaki, kar ka tura ciki. Bai kai na saye ba amma da babu gara ba daɗi. Ɗaura rawani ko ɗankwali a kai ya danne kunnuwan, ka kwanta a gefe, in zafi ya bari ka ɗora matashi na biyu a kan kunnen sama. Kask ɗin masu aikin inji, in akwai a gida, yana yi ga mai kwanciya rigingine, kuma in aka ɗora shi a kan soso yana ƙara ragin wajen desibel 5.

Takardar hanci da aka jiƙa, guntun soson katifa, cingam, kakin kyandir, tacen sigari, duk na ga an sa, kuma na raka wani abokin aikina asibiti aka ciro masa guntun takarda da ɗan hantsaki bayan ta kwana huɗu a ciki. In wani abu ya maƙale maka, kar ka bi shi da tsinke, kar ka zuba ruwa don soso da takarda kumbura suke yi. Ka bar shi yadda yake, gari na wayewa ka nufi asibiti.